Alaƙa da Ƙarina: Mas'alar Fahimtar Majazin Ingilishi ga Ɗaliban Yankin Ashige



Mas'alar da na zo da ita gabanku ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa riƙe alli a ajin Ingilishi, domin kuwa kowannenmu ya ga yaro mai hazaƙa, wanda ya haddace kalmomi, ya iya nahawu gwargwadon shekarunsa, ya karanta jimla tun daga farkonta har ƙarshenta ba tare da ya yi tuntuɓe da harafi guda ba, amma da aka tambaye shi muradin marubucin sai ya ba da amsar da ke tsakaninta da gaskiya akwai tafiyar yini. Bisa al'ada mukan ɗora laifin a kan ƙarancin karatu, mu rubuta masa jerin salon maganar Turawa a allo, kowanne da ma'anarsa a gefe, mu ce ya haddace kafin jarrabawa. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne cewa wannan magani bai dace da cutar ba, kuma maganin da ya fi dacewa yana nan ajiye a cikin ilimin balaga da kakanninmu suka daɗe suna karantarwa a zaure.

Ya kamata a fara sanin yaron da ake magana a kansa. Ashige na cikin gundumomin ƙaramar hukumar Lafiya, ta ɓangaren gabas, tana maƙwabtaka da Adogi da Assakio, kuma ƙasa ce ta manoma doya da rogo da riɗi da shinkafa. Ita kuwa ƙasar Lafiya, tun daga zamanin da Muhammadu Dunama ya kafa garin da ake kira Lafiyar Barebari har zuwa shekarar 1996 da aka yanke Jihar Nasarawa daga Filato aka mai da garin babban birninta, matattara ce ta al'ummu masu harsuna daban-daban, akwai Eggon da Alago da Migili da Gwandara da Tibi da Fulani da Barebari da Hausawa, Hausa kuwa ita ce harshen da ke haɗa su a kasuwa da tasha. Saboda haka yaro da yawa a wannan yanki yakan iso aji da harshen gida a bakinsa, da Hausa a bayansa, wani lokaci har da Turancin buroka, sa'an nan Ingilishin littafi ya zo a na uku ko na huɗu. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara karantar da yaro da harshen uwa ko na al'ummar da yake zaune a ciki kafin a koma Ingilishi, kuma ko da takarda ta ce ko ba ta ce ba, mun san malami idan bayani ya cije masa a aji Hausa yake komawa. Wanda ya taso a haka ba za a ce bai san adon harshe ba. Ya san habaici, ya san zambo, ya san karin magana, ya kuma san cewa idan aka ce wane ya ci amana ba a nufin ya tauna ta ya haɗiye.

Ga kuma jarrabawa tana jiransa. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da takwararta NECO, da JAMB wadda aka kafa a 1978, dukkansu suna da sashen da ake kawo jimla mai ɗauke da salon magana a ce ɗalibi ya zaɓi fassarar da ta fi dacewa, kuma cikin zaɓin da ake jerawa da wuya a rasa ma'anar zahiri an ɗana ta a matsayin tarko. A sashen auna fahimta kuma akan ciro wata gaɓa daga nassin a tambayi wane irin adon harshe ne, da abin da take nufi. Tun da yake samun kiredit a Ingilishi sharaɗi ne na shiga jami'a, ko ta Tarayya da ke nan Lafiya ko ta Jiha da ke Keffi, wannan bahasi ya shafi makomar yaro kai tsaye.

Malaman balaga sun kasa magana gida biyu, haƙiƙa da majazi. Haƙiƙa ita ce a yi amfani da lafazi a kan ma'anar da aka aza shi tun asali. Majazi kuwa shi ne a ɗauke lafazin a kai shi ga wata ma'ana, amma bisa sharuɗɗa biyu waɗanda in ɗaya ya faɗi maganar ta lalace. Na farko alaƙa, wato dangantakar da ke tsakanin ma'anar asali da wadda aka nufa. Na biyu ƙarina, wato alamar da ke hana mai sauraro ya tsaya a kan zahiri. Misalin da aka saba bayarwa shi ne a ce an ga zaki yana harbi da baka: alaƙar ita ce jarumta, ƙarinar kuwa ita ce harbin, tun da zakin dawa ba ya riƙe kwari da baka. Shehu Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu a 1078, ya zurfafa wannan bahasi a littafinsa Asrarul Balaga, Sakkaki ya tsara shi babi-babi a Miftahul Ulum, daga baya Abdurrahman al-Ahlari ya waƙe shi a Jauharul Maknun, littafin da har yau ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato. Su Turawa, sai a 1936 I. A. Richards ya sanya wa ɓangarori biyu na siffantawa sunayen da suke amfani da su yanzu, a 1980 kuma George Lakoff da Mark Johnson suka fitar da littafin da ya nuna cewa majazi ya cika maganar yau da kullum kuma yana da tsari a cikin tunani. Ban kawo waɗannan shekaru don alfahari ba. Na kawo su ne domin a ga cewa kayan aikin ba sai an yi odarsu daga waje ba.

To, idan muka auna matsalar ɗalibinmu da wannan ma'auni, za mu tarar ta rabu, kuma sassanta ba ɗaya suke ba wajen haɗari.

Akwai maganar da ƙarinarta a fili take amma alaƙarta ta ɓuya. Idan yaro ya karanta cewa wani dattijo “kicked the bucket” alhali ana cikin zancen jinya da gado, hankalinsa zai ba shi cewa ba bokiti ake nufi ba, ko da bai san mutuwa ake nufi ba. Wannan shi ne abin da malamai ke kira jahilci basiɗi, mutum bai sani ba kuma ya san bai sani ba, maganinsa kuwa tambaya ko ƙamus. Abin mamaki shi ne irin wannan ne ya cika littattafan share fagen jarrabawa, alhali shi ne mafi sauƙin sha'ani, ba zan kuma ɓata lokacinku a kansa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne maganar da ta yi kama da tamu a lafazi ta saɓa mata a ma'ana, domin a nan yaro ba ya jin ya ɓata, bal ma murna yake yi ya gamu da ɗan gari a baƙon wuri, sai ya ɗauko alaƙar Hausa ya ɗora wa lafazin Ingilishi ya wuce abinsa da natsuwa. Wannan shi ne jahilci murakkabi, bai sani ba kuma bai san bai sani ba. A duba sha'anin zafi da sanyi. Bahaushe, wanda rana ta gasa tun daga kakanninsa, ya ajiye alheri a wajen sanyi: mai sanyin hali shi ne mai haƙuri da ladabi, ɗa nagari sanyin idaniya ne, wanda aka yi wa albishir yakan ce ya ji sanyi a ransa, zafin zuciya kuwa aibi ne, zafin kai ma haka. Bature, wanda hunturu ke kashewa, ya juya lamarin: wanda ya kira “warm-hearted” shi ne mai tausayi da sakin fuska, wanda ya kira “cold” shi ne marar tausayi, wanda ba ya sakar wa kowa fuska. Yaron da aka koya wa tun a firamare cewa “warm” ɗan'uwan zafi ne, “heart” kuma zuciya, idan ya haɗa su biyu ya fito da mai zafin zuciya bai yi wauta ba, ƙiyasi ya yi, sai dai ƙiyasi ne a kan asalin da ba nasa ba. Sakamakon kuwa shi ne ya karanta yabo a matsayin zargi, daga nan duk fahimtarsa ta nassin ta kife.

Haka sha'anin ruwa da rana. Bature yakan yi tanadi “for a rainy day”, wato domin ranar ƙunci, yakan kuma ce mutum yana “under a cloud” idan ana tuhumarsa da wani abin kunya. Ɗan manomin Ashige kuwa, wanda ya ga yadda ake ɗaga kai ana duban gabas a watan Afrilu, ya kuma ga ana fita roƙon ruwa idan aka yi fari, ranar ruwa a wurinsa ranar rahama ce, gajimare kuwa bushara. A wajenmu rana ita ce wahala, shi ya sa talaka ke cewa ya sha rana, inuwa kuma ita ce gata, shi ya sa ake neman shiga inuwar babba. A wajensu wanda aka sa a inuwa shi ne wanda wani ya dushe masa haske. Ko tsuntsu bai tsira ba: mujiya, wadda mu muke camfa ta har muke kwatanta wanda kowa ya tsana da ita, su alamar hikima ce a wurinsu, abin da suka gada daga Girkawa. “Bad blood” gaba ce tsakanin mutum biyu, ba baƙin jini ba ne. “Hard-headed” a Ingilishin Ingila galibi yabo ne ga mai auna al'amura da hankali ba da son rai ba, alhali taurin kai a wurinmu ba a yabon kowa da shi. Abin da ke ƙara rikitar da yaro shi ne wani lokaci ƙiyasin nasa yakan faɗa daidai, domin “big-headed” girman kai ne ba ragi ba ƙari, kuma wanda ya ci riba sau ɗaya da wata hanya da wuya ya yi zargin ta a karo na biyu.

Kada a zaci wannan cuta ta yaran ƙauye ce kawai. Jeannette Littlemore ta Jami'ar Birmingham, a binciken da ta buga a 2001 kan ɗalibai 'yan Bangaladash da ke sauraron laccoci a can, ta gano cewa majazin da malamai ke yi yakan sa ɗaliban su kuskure ra'ayin malami, su ɗauki suka a matsayin yabo ko yabo a matsayin suka. Binciken da ta yi daga baya tare da abokan aikinta ya ƙara nuna cewa a mafi yawan lokuta ɗalibai baƙi ba su ma san sun kuskure ba. Waɗannan manya ne da suka riga suka tsallake jarrabawar Ingilishi, ina ga yaron da ke aji biyar na sakandare.

Akwai kuma majazin da alaƙarsa ƙissa ce, wanda bai ji ƙissar ba babu yadda zai yi ya hango ta. Kaso mai yawa na irin wannan daga Littafi Mai Tsarki ya fito: “the writing on the wall” daga Littafin Daniyel, “good Samaritan” da “prodigal son” daga Linjilar Luka. A nan ajin yankinmu yana da wata falala da ajin Katsina ko Gusau ba kasafai yake da ita ba, domin Kirista da Musulmi a benci ɗaya suke zaune, kuma tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, saboda haka yaron da ya ji waɗannan ƙissoshi a coci mabuɗin yana aljihunsa, sai dai sau da yawa ba ya gane su idan sun zo masa cikin rigar Ingilishi. Idan kuma aka zo kan “the patience of Job”, almajirin da ya san haƙurin Annabi Ayuba shi zai riga kowa ɗaga hannu. Malamin da ya bar yara suka ba juna waɗannan labarai ya huta da rabin aikinsa. Sauran da suka fito daga tatsuniyoyin Girkawa, ko daga aikin jirgin ruwa da wasan kurket da sukuwar dawakin Ingila, waɗannan kam sai malami ya nemo labarin da kansa.

Yanzu sai mu koma zaure mu ga yadda malamin balaga ke yi da irin wannan. Larabawa sukan yi kinaya da karimci su ce wane mai yawan toka ne, maganar da in Bahaushe ya ji ta a karon farko zai fi kusa da zaton ƙazanta ake nufi. Malamin zaure ba ya cewa ma'anarta karimci, haddace, mu wuce. Yakan bi da almajiri tsani-tsani: yawan toka daga yawan hura wuta, yawan hura wuta daga yawan girki, yawan girki daga yawan baƙi, yawan baƙi kuwa ba ya samuwa sai a gidan karimi; kuma almajirin da aka bi da shi ta wannan hanya, bayan ya riƙe wannan kinaya riƙon da ba ya mantawa, ya kuma koyi yadda zai bi sawun wata da bai taɓa ji ba. Frank Boers da abokan bincikensa sun jarraba kusan wannan hanya a kan masu koyon Ingilishi, suka samu cewa gaya wa ɗalibi asalin da salon magana ya fito yana taimaka masa wajen riƙe shi. A gwada da “carry coals to Newcastle”: a gaya wa yaro cewa Newcastle gari ne a arewacin Ingila da ya shahara da haƙar kwal da fitar da shi, sa'an nan a tambaye shi abin da zai ce da mutumin da ya yi dakon doya daga Kano ya kawo ta Lafiya. Kafin malami ya rufe baki aji ya ba da ma'anar.

Amma bin sawun alaƙa bai isa ba sai an horar da yaro a kan neman ƙarina, kuma a ganina wannan ne aka fi sakaci da shi. Ya kamata ya zama ɗabi'a gare shi, duk lokacin da ya gamu da ambaton gaɓar jiki, ko launi, ko dabba, ko yanayin sama, ko zafi da sanyi, a cikin nassin da ba a kan waɗannan abubuwa yake magana ba, ya dakata ya yi tambaya biyu: shin zahiri zai yiwu a nan? in kuma ba zai yiwu ba, marubucin yabo yake yi ko zargi, kuma mene ne shaidata daga jimlolin da ke gaba da baya? Tambaya ta biyu ita ce ke kama jahilci murakkabi, domin yaron da ya fassara “warm-hearted” da zafin zuciya, in aka tilasta masa ya kawo shaida, zai ga matar da aka siffanta haka tana ciyar da marayu a jimla ta gaba, sai shakka ta shige shi, shakka kuwa a wannan muƙami ita ake nema.

Na san za a yi mini i'itirali da cewa lokaci ba ya isa, manhaja tana da tsawo, aji ya cika maƙil, kuma ba kowane salon magana ne ke da asalin da aka tabbatar ba. Na karɓi na ƙarshen ba tare da gardama ba, har ma ina gargaɗin kada malami ya ƙirƙiro asali don ya burge yara. Abin da ba shi da sanannen tushe a haddace shi kawai, ba laifi. Game da lokaci kuwa, ban ce a bi kowace magana tsani-tsani ba. Idan yaro ya gane sau ɗaya cewa Bature ɗumi yake so kuma ruwan sama yake gudu, ya buɗe ƙofar maganganu masu yawa da mabuɗi guda, wannan kuwa ya fi sauri a kan haddar su ɗai-ɗai.

Akwai wata mas'ala da ba zan so in tsallake ba ko da a taƙaice, ita ce ta Ingilishin Nijeriya. Muna cewa mace ta yi “put to bed” muna nufin ta haihu, muna cewa wane yana da “long leg” muna nufin yana da hanya a wurin manya, mun mai da “more power to your elbow” ya koma “more grease”, mun kuma yanka rigar karin maganarsu daidai jikinmu alhali su daidai yadin suke yankawa. Ni ban ɗauki waɗannan a matsayin ɓarna ba, majazi ne da al'umma ta ƙera wa kanta, kuma yana da alaƙarsa da ƙarinarsa. Sai dai mai duba takardar jarrabawa da wani ma'auni yake aiki, saboda haka adalci ga yaro shi ne a gaya masa a sarari wanne ne na gida, wanne ne na takarda, kada a bar shi ya gano bambancin ranar da sakamako ya fito. Haka nan salon Turawan Ingila na rage magana, inda “not bad” kan zama yabo, “with due respect” kuma kan zama share fagen suka: al'ummar da ta ƙware a habaici da gugar zana ba za ta sha wuyar gane wannan ba, muddin an nuna mata cewa ta'arili ne, wato zance a kaikaice, irin wanda ta sani.

Abin da ya rage shi ne kayan aiki. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham sun tattara salon maganar Hausa mai yawa da fassararsa, ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990 kuma yana da amfani ƙwarai ga malami, amma aikin ƙamus shi ne ya ba ka ma'ana, ba aikinsa ba ne ya ja maka kunne a inda harsunan biyu suka yi kama suka saɓa. Shawarata ga wannan zama ita ce malaman Ingilishi da na Hausa da na Larabci na makarantun yankin Ashige da Adogi da Assakio su haɗu su tsara ɗan littafi, wanda ba zai damu da maganganun da kowa ya san baƙi ne ba, sai dai waɗanda ke da sura irin tamu, kowace a kawo lafazinta, da abin da yaro zai zata, da abin da ake nufi, da tsanin da ke kaiwa gare shi. Kuma tun da Hausa ga yara da yawa harshe na biyu ce, wajibi ne a bar gurbi a kowane shafi domin malamai 'yan asalin Eggon da Alago da Migili da Tibi su rubuta yadda nasu harshen ke sarrafa zuciya da ciki da jini da ido, domin mai yiwuwa ne ƙiyasin da yaro ya yi daga can ya ɗauko shi, malami yana ta gyara Hausa alhali ba ita ce ta jawo kuskuren ba. Tushen littafin kuwa kada ya zama tunanin malamai a ofis, a ɗauko shi daga takardun jarrabawar gwaji da yara suka riga suka rubuta, a tattara amsoshin da ba daidai ba, a fara da waɗanda yara da yawa suka haɗu a kan kuskure iri ɗaya.